Ƙanena Ya Ci Lemar Kwaɗi Don Ya Rabu da Damuwa, Yanzu Barci Ya Gagare Shi

Assalamu alaikum Anti. Ni matar aure ce a Garwa, shekaruna 29. A kan ƙanena nake rubuto miki, mai bi mini, shekararsa 22, yana karatu a Ngaundere. Bara Allah ya yi wa mahaifinmu rasuwa, kuma a hannun yaron nan ya cika. Tun daga lokacin ya canza. Ya daina ƙwallo, abinci sai an matsa masa, in ya shiga ɗaki sai ya wuni. Da ya dawo hutu ya ce mini, "Adda, zan gaya miki magana, amma sai kin rantse Dada ba za ta ji ba." Dada ita ce mahaifiyarmu. Na rantse. Ya ce wani abokinsa ne ya ba shi wata irin lemar kwaɗi busasshiya, su shampinyo suke ce mata, wai Turawa sun gano tana maganin ciwon damuwa. Har ya nuna mini bidiyon likitoci a waya suna bayani. Ya ce karon farko ya yi kuka kamar ransa zai fita, ya ji kamar Baba na zaune kusa da shi, bayan nan ya yi sati biyu zuciyarsa sakayau. Karo na biyu bai ji wani abin kirki ba. Karo na uku ya ga bango yana numfashi, ya ɗauka mutuwa ce ta zo, ya fita da gudu ba takalmi sai da abokai suka riƙe shi. Yau sati uku ke nan, ya ce bai ƙara ci ba, amma barcinsa ba ya wuce awa biyu, yana cewa maƙwabta na zancensa ta bayan katanga, wani lokaci ya yi ta zuba ba ƙaƙƙautawa. Dada ta ce iska ce, a kai shi wajen malam. Baffanmu ya ce shaye-shaye ne, a kai shi gidan mari. Abin da ya fi tayar mini da hankali, gwaggonmu ƙanwar Baba ta yi fama da taɓin hankali shekara da shekaru, a ɗaki aka riƙa kulle ta, ba a ma zancen a gida. Anti, da gaske abin nan magani ne? In karya rantsuwata? Ina tsoron in faɗa a wulaƙanta shi, ina tsoron in yi shiru in rasa shi.

Wa alaikumus salam ƙanwata. Allah ya jiƙan Baba, ya kai haske kabarinsa, ya ba ku haƙurin rashi. Zan amsa tambayoyinki duka, amma akwai wadda ba ki yi ba, kuma ita ce ba ta jira: ƙanenki yana bukatar ganin likita cikin satin nan. Ba bayan hutu ba, ba sai an ga abin da hali zai yi ba.

Ga dalilina. Sinadarin da ke cikin wannan lemar kwaɗin sunansa silosibin. Idan mutum ya ci, yakan fara jin aikinsa cikin minti 20 zuwa 40, ya yi awa 4 zuwa 6 yana juya shi, sannan ya sake shi, kuma kafin kwana ɗaya jiki ya fitar da kusan dukansa. To yau sati uku. Abin da kike gani yanzu ba ragowar abin da ya ci ba ne yake yawo a jininsa, wani abu ne ya motsa a ƙwaƙwalwa bai koma ya kwanta ba. Rashin barci, zargin ana zancensa, surutu ba tsayawa, ga shekarunsa daidai lokacin da cututtukan ƙwaƙwalwa suka fi bayyana ga samari, ga kuma tarihin gwaggo. Ba zan zauna daga nesa in raɗa wa ciwonsa suna ba. Yana iya zama firgicin daren nan ne bai sake shi ba, yana iya zama farkon gushewar hankali, yana iya zama irin ciwon da mutum kan yi makonni yana zumuɗi ba barci sannan ya faɗa cikin baƙin ciki, kuma likita mai hankali sai ya fara duba zazzaɓin cizon sauro da sauran cututtukan da kan ruɗa kai kafin ya yanke hukunci. Amma kowanne ne daga ciki, wanda aka tara da wuri ya fi saurin dawowa daidai. Icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi.

Sai tambayarki ta farko, ko magani ne. Ba zan ce miki ƙarya ƙanenki ya yi ba, don bai yi ba, kuma in kika je masa da "duk ƙaryar Turawa ce" zai rufe miki ƙofa, tunda ya ga bidiyon da idonsa. Mutanen Mazatek da ke duwatsun kudancin Meziko sun daɗe suna amfani da irin wannan lemar kwaɗi a bukukuwansu na neman waraka, a hannun tsofaffin da suka san ta. A 1957 wani ma'aikacin banki ɗan Amurka, Gordon Wasson, ya buga labarin zamansa da wata tsohuwa mai magani, María Sabina, sai baƙi suka yi wa garinsu tsinke suna neman maye, har ita kanta daga baya ta yi da-na-sanin buɗe musu ƙofa. A 1958 masanin sinadarai Albert Hofmann na ƙasar Suwizalan ya tace sinadarin, a 1971 kuma yarjejeniyar Majalisar Ɗinkin Duniya ta saka shi a sahun farko na abubuwan da aka fi tsaurara wa. Bincike ya yi sanyi tsawon shekaru, sai daga 2006 jami'ar Johns Hopkins ta Amurka ta sake fito da shi fili, wasu a Landan suka bi baya. A 2021 masu bincike a Landan suka gwada shi a kan mutum 59, suka kwatanta da wata sananniyar ƙwayar ciwon damuwa, a babban ma'aunin da suka sa gaba ba a ga wani bambanci na a-zo-a-gani ba. A 2022 aka fitar da sakamakon gwajin da ya fi girma a lokacin, da mutum 233 waɗanda magungunan da aka saba ba su yi musu aiki ba. Cikin waɗanda aka ba kaso mafi yawa na sinadarin, kusan uku cikin goma damuwar ta sake su bayan sati uku, amma da aka kai sati 12 adadin ya ragu, yawancin mutanen sun gamu da wata illa, kamar ciwon kai ko tashin zuciya ko jiri, wasu kaɗan har tunanin kashe kansu ya zo musu. Ƙasar Ostareliya ta ba da izini daga watan Yulin 2023, shi ma ga wasu zaɓaɓɓun likitocin ƙwaƙwalwa kawai.

Abin da bidiyon minti ɗaya ba ya nunawa shi ne yadda ake yin gwajin. Ba lemar kwaɗin da aboki ya zaro daga leda ake bayarwa ba, sinadari ne da aka haɗa aka auna shi da miligiram. Kafin ranar an zauna da mutum sau da yawa an san ciki da wajensa. Ranar kanta yana kwance a ɗaki mai natsuwa, ƙwararru na gefensa tun safe har yamma, ana duba hawan jininsa, bayan nan kuma a ci gaba da zama da shi ana warware abin da ya gani. Sannan ga wadda ta shafe ku kai tsaye: tun a bakin ƙofa ake tambayar tarihin gida. Ƙa'idar da masu binciken Johns Hopkins suka shimfiɗa ita ce, duk wanda shi ko wani danginsa na kusa ya taɓa fama da gushewar hankali ko ciwon zumuɗin nan, ba a ɗaukarsa, kuma dangi na kusa a wurinsu ya haɗa har da baffa da gwaggo. Ma'ana da ƙanenki ya je wurin likitocin da yake nuna miki a waya, ya ambaci gwaggonku, da su da kansu za su ce masa ya koma gida, abin nan ba nasa ba ne. Ki riƙe wannan maganar da kyau, don ita ce za ta shige shi fiye da kowane faɗa. Sai dai ina zargin ma bai san labarin gwaggo sosai ba, tunda kin ce ba a zancen. Shirun da aka yi don rufin asiri shi ya hana yaron sanin abin da ya kamata ya tsare kansa daga gare shi.

Sauƙin da ya ce ya samu karon farko kuwa, na yarda da shi ɗari bisa ɗari. A cikin jiki silosibin yana rikiɗa ya zama wani sinadari mai kama da wanda ƙwaƙwalwa ke aika saƙo da shi, sirotonin, sai ya hau wurin zamansa. Sassan ƙwaƙwalwar da ba su saba magana da juna ba sai su shiga yi, lokaci ya rikice, launi ya yi kaifi, bango ya yi motsi, abin da mutum ya danne a zuci ya taso gaba ɗaya. Shi ya sa abu guda yake ba wani kukan sauƙi yau, gobe ya jefa shi cikin firgicin da bai taɓa sani ba. Ba shi da linzami, kuma ƙarfin wannan lemar ba ɗaya ba ne da na waccan ko da a wuri guda suka tsiro.

Amma ki dubi abin da ya samu a daren farkon nan. Kuka ya yi. Yaron da mahaifinsa ya cika a hannunsa, na tabbata washegari a kan tabarmar ƙofar gida ya wuni yana karɓar gaisuwa, kowa ya zo ya dafa kafaɗarsa ya ce, "Sai haƙuri, ka zama namiji, yanzu kai ne uba." Ku mata kuna ciki kuna kuka, kuna rungumar juna, maƙwabta na kawo muku kunu. Shi wa ya ba shi wurin da zai zubar da nasa hawayen? Aka yi sadakar uku, aka yi ta bakwai, ya ɗauki jakarsa ya hau mota zuwa Ngaundere da abin a ƙirjinsa kamar dutse. Na daɗe ina ganin wannan a gidajenmu kuma yana ci mini rai. Muna koya wa 'ya'yanmu maza haɗiye baƙin ciki tun suna ƙanana, in ya fito ta wata mummunar hanya kuma mu ce sun lalace. Ƙanenki bai nemi abin nan don holewa ba. Shekara guda ya yi yana ciwo a gabanku duka, ya daina ci, ya daina wasa, ba wanda ya kira abin da sunan ciwo, har wani yaro sa'ansa ya zo ya ce ga magani. Ba laifi nake ɗora miki ba, ke ma maraicin kike ciki. So nake ki gane cewa ko an kawar da lemar kwaɗi daga duniya gobe, ciwon da ya kai shi gare ta yana nan, kuma shi ma yana da magani a asibiti.

In ya ce miki, "Ai daga ƙasa ta tsiro, ba ƙwaya ba ce," ki tuna masa da zaƙami. Shi ma daga ƙasa yake tsirowa a bayan gari, kuma ba banza aka raɗa masa haukata-yaro ba. Gaskiya ne lemar kwaɗin nan ba ta kama jiki irin kamun tramol, wanda ya bari ba ya shiga ciwon gaɓoɓi da zufa, wannan kam sauƙi ne a gare ku. Haɗarinta a wani wurin yake: abin da mutum kan aikata yana cikin ruɗu, kamar gudun da ya yi cikin dare, da abin da takan tayar a ƙwaƙwalwa mai rauni, da kuma kuskuren iri. Akwai lemar kwaɗi mai dafin da ke cinye hanta, dafuwa ba ta kashe shi, busarwa ba ta kashe shi. Mutum ya ci ba ya jin komai sai bayan awa 6 zuwa 24, ya yi amai da zawo, ya ji kamar ya warke, bayan 'yan kwanaki ido ya yi rawaya hanta ta tsaya. Wadda aka busar ta murƙushe a leda, ko masani sai ya yi da gaske kafin ya bambance. Ki kuma tambaye shi, cikin lumana, ko yana haɗawa da tramol ko wiwi, wadda samarinmu ke kira banga. Kin san yadda tramol ta zama ruwan dare a nan arewa, daga masu mashin har masu noma. Ita kaɗai tana iya kawo jijjiga irin ta farfaɗiya, balle an gwama ta da wani abin da ke taɓa sirotonin. Wiwi kuma tana rura wutar zargi da jiye-jiye ga mai irin halin da yake ciki.

Ta fuskar addini maganar a fili take, duk abin da ke gusar da hankali haramun ne, mai yawa da kaɗan ɗinsa, kuma hankali yana cikin abubuwa biyar da shari'a ta zo don ta tsare. Dokar Kamaru ta 1997 kan miyagun ƙwayoyi ita ma ba ta bar irin wannan a sake ba. Ƙanenki ya san duka biyun, shi ya sa ya sa ki rantsuwa. Wa'azi zai zo a lokacinsa, mutumin da bai yi barcin kirki ba sati uku ba ya jin wa'azi.

Rantsuwar taki fa. Ƙanwata, an rawaito daga Manzon Allah, tsira da aminci su tabbata a gare shi, cewa wanda ya rantse a kan abu sannan ya ga waninsa ya fi alheri, to ya aikata wanda ya fi alherin ya yi kaffara. Kaffarar sananniya ce, ciyar da miskinai goma ko tufatar da su, wanda bai samu iko ba ya yi azumi uku, ki tambayi malamin da kika amince da shi ya ƙara miki bayani. Saboda haka ba rantsuwar ce abin tsoro ba, amanar da ke tsakaninku ce, don a duk gidan ke ya zaɓa. Kada ki bi ta bayansa. Ki same shi ku biyu, lokacin da ya fi natsuwa, ki ce masa wani abu kamar haka: "Ka ba ni amana, kuma ban ci ba. Amma ina ganin yadda kake kwana ido biyu, ba zan iya zuba ido ba. Mu je asibiti tare, ni da kai. Likita kaɗai za mu gaya wa komai. Abin da za a gaya wa Dada, mu biyu za mu shirya shi." Kin ga ba kowa ne yake bukatar duk labarin ba. Likita yana bukatarsa kaf, sau nawa ya ci, yaushe, da me ya haɗa, da tarihin gwaggo, don akwai maganin damuwar da in aka ba mai ciwon zumuɗi shi kaɗai sai ya ƙara hargitsa shi, kuma aikin likita ya ɗora masa riƙe sirri. Dada abin da take bukata yanzu shi ne ta san ɗanta ba shi da lafiya tun rasuwar Baba, kuma ciwon na asibiti ne. Sauran, zai fi kyau ta ji daga bakinsa in ya samu sauƙi. Maigidanki kuwa ki sanar da shi gwargwadon yadda kika san zurfin cikinsa, don za ki bukaci izininsa da rakiyarsa, wataƙila har da aljihunsa.

Iyaka ɗaya ce, kuma ki gaya wa ƙanenki ita tun yanzu don kada ya ce kin yaudare shi: in rayuwarsa ta shiga haɗari, babu sauran sirri. Ki tambaye shi kai tsaye ko yana tunanin kashe kansa. Na san bakinki zai yi nauyi, mu ba mu saba furta wannan ba, amma tambayar ba ta dasa wa mutum tunanin, sau da yawa ma ita ke sauke masa kaya. Ko me ya amsa, ki zagaya gidan Dada da idon basira. Mu nan ƙasar auduga ce, da wuya ka shiga gida ba ka tarar da galan ɗin maganin feshi a lungun zaure ko bayan rumbu ba. A ɗauke shi, da shinkafar ɓera, da tarin ƙwayoyin da Baba ya bari in suna nan, a karɓe makullin mashin, a sa wani ɗan'uwa namiji ya riƙa kwana ɗaki ɗaya da shi. In ya ce yana jin murya tana ba shi umarni, ko ya yi kwana biyu cur bai runtsa ba, ko ya daina gane mutane, ko jikinsa ya yi zafi yana jijjiga, ko idonsa ya yi rawaya, kada a jira gari ya waye.

Dada ba ta yi laifi ba da ta ce malam. Uwa ce ta ga ɗanta yana magana da katanga, ta koma ga abin da ta sani. Kada ki sa ta zaɓi tsakanin addu'a da asibiti, don in kika sa ta, addu'a za ta zaɓa kuma ta riƙa kallon asibiti a matsayin kishiya. Ki ce mata a yi duka biyun, Allahn da ya saukar da cuta shi ya saukar da magani. A yi masa karatu a gida, ita ma ta tofa masa, wannan zai sanyaya masa rai. Sharaɗin dai ba duka, ba turara masa hayaƙi a rufaffen ɗaki, ba jiƙe-jiƙen da ba a san abin da ke ciki ba, kuma duk wanda ya ce a ajiye maganin likita, a yi masa godiya a sallame shi.

Gidan mari kam, a'a, da babbar murya. Ina yarinya akwai wani saurayi a unguwarmu, mai kyawun hannu a ɗinki, da irin wannan ta same shi aka kai shi wani wuri aka saka masa mari. Bayan wata takwas aka dawo da shi. Abin da ban manta ba har yau shi ne sawun ƙarfen a idon sawunsa, fata ta yi fari ta zagaye kamar munduwa, da yadda yake zabura ya kare kansa da hannu duk lokacin da wani ya ɗaga murya. Ciwon bai tafi ba, tsoro aka ƙara masa a kai. Sarƙa ba ta taɓa gyara sinadarin ƙwaƙwalwa ba. Duk da haka kada ki mai da Baffa abokin gaba. Ki tuna gwaggon da aka kulle 'yar'uwarsa ce, ciki ɗaya. Ya ga abin da idonsa yana saurayi, wataƙila shi aka riƙa aika ya miƙa mata abinci ta taga. Mai yiwuwa zafin da yake yi yanzu tsoro ne ya sa rigar faɗa, ga nauyin gidan ɗan'uwansa da ya dawo wuyansa, ga tunanin abin da mutane za su ce. Ki je masa da ladabi, ko ki tura kawunku ko wani dattijon da yake jin nauyinsa. Ki ce, "Baffa, likita zai tambayi yadda ciwon Gwaggo ya fara, kuma duk gidan ba wanda ya sani kamar kai." Kin ba shi matsayi ke nan a cikin maganin, maimakon ya tsaya a waje yana yanke hukunci. Hannunka ba ya ruɓewa ka yanke ka yar, shi ma ya san da haka.

Ku fara da babban asibitin yanki a nan Garwa, ku tambayi ɓangaren lafiyar ƙwaƙwalwa. Likitocin wannan fanni kaɗan ne a ƙasarmu, yawancinsu suna Yawunde da Duwala, saboda haka kada ki raina in nas ɗin da ya ƙware a fannin aka haɗa ku da shi, su ne suke riƙe da mafi yawan aikin. In abin ya fi ƙarfinsu za su tura ku gaba, asibitin Jamot da ke Yawunde ya daɗe da suna a wannan ɓangaren. Kafin ku tafi ki rubuta komai a takarda, ranar da ya ci na ƙarshe, awa nawa yake barci, irin maganganun da yake yi, don a gaban likita kai kan ɗaure. In akwai ragowar abin a jakarsa, a tafi da shi a nuna. Abokin nan nasa ma, kada a tsine masa tukuna, mai yiwuwa shi ma taimako ya ɗauka yana yi. A kira shi a tambaye shi ainihin abin da ya bayar da ko an gauraya da wani abu, a kuma gaya masa halin da ake ciki don kada ya miƙa wa wani.

In ƙanenki ya ƙi zuwa, kada ki ce masa "asibitin mahaukata", kada ma kalmar ta fito a gidan. Ki kama abin da shi kansa ya yarda yana damunsa, wato barci: "Mu je a ba ka abin da zai sa ka runtsa." In ya ƙi duk da haka, ki je ke kaɗai ki yi wa ma'aikatan bayani su ba ki shawarar yadda za a kawo shi. Zancen maƙwabta kuma, kada ki yi musu da shi, kada ki gaskata shi. Ki ce, "Ni ban ji ba, amma na ga abin yana tsorata ka, ina nan tare da kai." A rage masa hayaniya da shayi mai ƙarfi da kallon waya cikin dare. In an ba da magani, ki sani wasu sukan ɗauki sati 2 zuwa 6 kafin a ga aikinsu, wasu kan sa kasala ko nauyin jiki da farko, a koma a gaya wa likita maimakon a watsar. Ki tambayi kuɗin maganin wata guda tun ranar farko don ku san yadda za ku raba nauyin, yankewa a tsakiya ita ke mai da hannun agogo baya. Karatu kuma in ya kama a ɗage zango ɗaya, a ɗage, Ngaundere ba ta gudu.

Ke ma ki samu wadda za ki riƙa sauke wa naki nauyin, ko ƙawa ko 'yar'uwa, don uban da ya rasa ke ma shi kika rasa, kuma tun bara kike lallashin kowa. Yau da daddare, in maigida ya yarda, ki dafa abin da ƙanenki ya fi so ki kai masa da kanki. Kada ki fara da zancen asibiti. Ki zauna a bakin katifarsa ki ce ya ba ki labarin ranar da Baba ya cika, me ya ce, ina ya kalla, hannun wa ya riƙe. In ya fara kuka kada ki ce masa ya yi haƙuri, ki bar shi ya yi, ke ma ki yi naki. Zancen asibitin ki kawo shi da safe bayan ya karya. Ki sake rubuto mini bayan kun ga likita, ina son in ji abin da aka ce da yadda Baffa ya karɓi maganar. Allah ya ba shi lafiya, ya dafa miki.